Ƙidaya da jeri: nazarin wahala a cikin fagagen Doom da ƴan wasa suka gina

Taƙaitawa

Tun 1994 ƴan wasan Doom suke gina nasu fagagen yaƙi suna raba wa juna kyauta. Masu sharhi a kan waɗannan ayyuka sun saba auna wahalarsu da yawan dodannin da ke ciki. Wannan maƙala tana gwada wannan ma'auni bisa ayyuka biyar da suka fito tsakanin 1996 da 2015, ta hanyar aron gwajin musanya daga ilimin harsuna. Abin da ya bayyana shi ne, wahalar fage daga jerin abubuwa take fitowa, kuma fage mai kyau shi ne wanda yake nuna wa ɗan wasa abin da ya kashe shi.

0. Gabatarwa

Doom wasan harbi ne na kwamfuta wanda kamfanin id Software na ƙasar Amurka ya fitar ranar 10 ga Disamba 1993. Doom II ya biyo baya a 1994. Ɗan wasa yana kallon duniya ta idon wani soja, bindiga a gabansa, yana ratsa ɗakuna da lunguna, yana neman mabuɗai masu launi uku (ja, shuɗi da rawaya) har ya kai ƙofar fita, dodanni kuwa suna tare masa hanya. Kowane yanki mai mafari da mafita shi za mu kira «fage» (niveau). Doom II yana da fagage 32.

John Carmack, wanda ya rubuta injin wasan, ya raba injin daban da kayan da injin yake karantawa. Kayan suna cikin wani kundi da ake kira WAD, saboda haka kowa yana iya ɗora nasa kundin ba tare da ya taɓa injin ba. A farkon 1994 Brendon Wyber ya fitar da DEU, kayan aikin zana fagage (logiciel), sa'annan Raphaël Quinet na ƙasar Beljiyam ya ci gaba da inganta shi. A Disamba 1997 kamfanin ya saki asalin rubutun injin ga jama'a. Daga nan dubban fagage suka taru a rumbun da ake kira idgames, kuma tun 2004 ake ba da kyautar Cacowards kowace Disamba ga waɗanda suka yi fice a shekarar.

Mai karatu yana iya tambayar abin da ya kai masanin harshe wannan wuri. Amsar ita ce, da wuya a sami wani tsarin alamomi mai kama da wannan: rumbun kalmominsa a rufe yake, bai kai nau'in dodo 20 ba, dokokinsa a rubuce suke, amma fiye da shekara 30 ke nan mutane suna samar da sababbin «jumloli» da shi. Saussure (1916) ya kwatanta harshe da wasan échecs don ya nuna cewa darajar (valeur) ɗan dara ba daga itacen da aka sassaƙa shi take ba, daga matsayinsa take a cikin tsari. Wannan ra'ayi za mu gwada a nan. Ayyukan da muka zaɓa su ne The Plutonia Experiment (1996), Hell Revealed (1997), Nuts (2001), Scythe (2003) da Sunlust (2015); dukansu bisa Doom II aka gina su.

1. Abin da fage ya ƙunsa

1.1. Gini da kaya

Duk fage hawa biyu ne. Hawa na farko shi ne gini: bango, tsawon daɓe da na rufi, haske, ƙofofi, da layukan da ɗan wasa zai taka su buɗe wani wuri. Injin 1993 bai yarda da ɗaki bisa ɗaki ba, don haka ana iya shimfiɗa kowane fage a karanta shi kamar taswira. Hawa na biyu shi ne kaya, watau duk abin da aka ajiye a daɓe: dodanni, makamai, harsasai, magani, mabuɗai da wurin da ɗan wasa zai fara. Kowane kaya lambobi biyar ne kawai a cikin kundi: biyu na wurin da yake, ɗaya ta inda ya fuskanta, ɗaya ta nau'insa, ta ƙarshe kuma ta sharuɗɗan bayyanarsa. Za mu komo ga wannan lamba ta ƙarshe a sashe na 4.

1.2. Rumbun dodanni

Kowane dodo yana da makin rai, watau yawan ɓarnar da za a yi masa kafin ya faɗi. Ɗan wasa yana farawa da maki 100 da ƙaramar bindiga mai harsashi 50. Ga na wasu dodanni:

(1) Imp 60, Chaingunner 70, Demon 150, Revenant 300, Cacodemon 400, Hell Knight 500, Mancubus 600, Arch-vile 700, Baron 1000, Cyberdemon 4000.

Wannan jeri shi ne ginshiƙin sharhin ƙidaya: a lissafa dodanni, a tara makinsu, a ce fage kaza ya fi fage kaza. Amma akwai wasu siffofin rarrabewa (traits pertinents) waɗanda jerin bai nuna ba:

(2) a. Yadda hari yake isowa. Harsashin Chaingunner yana isowa nan take, ba a kauce masa, sai dai a ɓuya. Ƙwallon wutar Imp ko Baron yana tafiya a iska, ana gocewa ya wuce. Rokar Revenant takan bi mutum tana lanƙwasa. Demon cizo kawai ya iya.
b. Yadda dodo yake tafiya: a ƙasa, ko a sama kamar Cacodemon wanda rami ba ya tsare shi.
c. Ko yana ƙara yawan abokan gaba. Arch-vile yana ta da gawawwakin da aka kashe. Ban da haka yana kunna wa mutum wuta daga nesa, kuma ba a tsira daga wutar sai an shiga bayan wani abu kafin ta fashe.

Akwai kuma wata doka wadda ta shafi yawancinsu: idan harin wani dodo ya sami wani na daban, wanda aka samu yakan juya kan wanda ya same shi, su shiga faɗa da juna. Gwanin wasa yana amfani da wannan kamar makami.

1.3. Daskararrun maganganu

Kamar kowane harshe, wannan ma yana da maganganun da suka daskare (figements). A Doom II fage na 7 yana buɗe hanya ne bayan an kashe dukan Mancubus, sa'annan dukan Arachnotron; an dasa wannan sharaɗi a cikin injin, an ɗaure shi da lamba 7. Shi ya sa kundaye da dama suke maimaita wannan faɗa a fage na 7, ko da injunan zamani sun ɗauke wannan tilas. Haka ƙofar asiri a fage na 15 mai kai wa na 31, da ta 31 mai kai wa na 32. Ɗan wasa yana shiga waɗannan fagage da tsammani a ransa, magini kuma yana da zaɓi ya cika tsammanin ko ya saɓa masa.

2. Gwajin musanya

Hanyar da Martinet (1960) da magabatansa suka bi wajen gano ƙwayoyin sauti ita ce musanya (commutation): a sauya abu ɗaya, a bar saura, a ga ko ma'ana ta sauya. A nan «ma'ana» ita ce abin da fage ya tilasta wa ɗan wasa ya yi. Mu ɗauki misali:

(3) a. Demon a bisa wani tudu mai nisa, ba hanyar saukowa.
b. Chaingunner a daidai wannan wuri.

A (3a) dodon yana da maki 150 amma ba ya iya komi, ado ne. A (3b) makin bai kai rabi ba, amma duk filin da yake hange ya zama haramtacce har sai an kashe shi. Idan aka sauko da su biyun cikin ƙunƙuntaccen lungu, sai lamarin ya juye: Chaingunner yana faɗuwa da harbi ɗaya na bindiga mai baki biyu, Demon kuwa yana toshe hanyar ja da baya, ya tsayar da mutum cik a gaban rokar Revenant. Daraja ke nan irin ta Saussure.

(4) a. Hell Knight a ƙofar ɗaki.
b. Baron a daidai wannan wuri.

A nan maki ya ninka, daga 500 zuwa 1000, amma harinsu iri ɗaya ne, tafiyarsu iri ɗaya, kuma abin da ɗan wasa zai yi bai sauya ba, sai dai ya yi shi sau biyu. Injin kansa yana ɗaukar su jinsi guda, har ƙwallon wutar ɗaya ba ya cutar da ɗaya. Da a ilimin sauti ne, da mun ce su biyun furuci biyu ne na ƙwayar sauti ɗaya (variantes). Sharhin ƙidaya yana ganin babban bambanci a (4) da ƙarami a (3), alhali akasin haka ne gaskiya.

(5) a. A saki Arch-vile cikin ɗaki wofi, bayan an kashe shi a saki Imp 20.
b. A saki Imp 20, bayan an kashe su a saki Arch-vile.

Kaya iri ɗaya ne, maki iri ɗaya, jeri kawai ya sauya, kamar «kare ya ciji yaro» da «yaro ya ciji kare». A (5a) faɗa biyu ne masu sauƙi. A (5b) Arch-vile ya tarar da gawa 20, kuma duk daƙiƙar da aka yi ana ɓuya daga wutarsa, shi yana mayar da aikin da aka gama baya. Ƙari a kan haka, ginshiƙi ɗaya a tsakiyar ɗakin, wanda ba ya cikin kowace ƙidaya, shi ne bambanci tsakanin faɗa da hukuncin kisa.

Daga waɗannan misalai muna iya rarrabe wahala iri uku. Akwai wahalar hannu: mutum ya san abin da zai yi, aiwatarwa ce ke da wuya. Akwai wahalar guzuri: harsasai da magani ba su da yawa, kowane harbi sai da lissafi, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Akwai wahalar sani: sai an gane dabarar ɗakin, ko an san tarkon da ke gaba. Abin da ke (4b) bai shiga cikin ukun ba. Shi za mu kira tsawaitawa.

3. Ayyukan

3.1. Nuts: iyakar ƙidaya

Mun fara da wannan ko da yake ba shi ne na farko a tarihi ba, domin shi ne ya kai ƙidaya maƙura. Fage ɗaya ne tak, wanda wani mai laƙabin B.P.R.D. ya fitar a 2001, kuma yana ɗauke da dodanni fiye da dubu 10 a cikin filaye masu faɗi. Idan ma'aunin ƙidaya gaskiya ne, babu fagen da ya kai shi wuya a zamaninsa. Amma da zarar an yi harbin farko, dodannin suna samun juna, taron ya koma cin kansa, mai ƙafa kuma ya ratsa a guje. Wadda ta fi shan wuya ita ce kwamfutar, wadda takan kusan tsayawa saboda lissafin motsin dubbai. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma wannan sai yawan yana da shugabanci, a nan kuwa babu gini da zai tsara shi. Nuts barkwanci ne, mai shi bai ɓoye haka ba. Amfaninsa a wurinmu shi ne ya zama hujja ta hanyar wuce gona da iri (preuve par l'absurde).

3.2. Plutonia: tattalin kalmomi

Ƴan'uwa biyu, Dario da Milo Casali, suka gina fagage 32 na Plutonia cikin kimanin wata huɗu, id Software kuma ya sayar da su a cikin Final Doom a 1996. Dario Casali, wanda daga baya ya yi aiki a kamfanin Valve, ya bayyana cewa sun yi aikin ne don waɗanda suka riga suka gama Doom II, kuma duk fagen da ya ci cikin sauƙi sai ya ƙara masa wuya.

Abin lura shi ne ba su ƙara wuyar da yawan dodanni ba. Fagagensu da dama gajeru ne, masu ƙarancin jama'a. Sun zaɓi kalmomi uku suka gina salo a kansu: Chaingunner, Revenant da Arch-vile, watau daidai waɗanda darajarsu ta fi dogara da wuri. A Doom II ba a ganin Arch-vile sai a fage na 11. A Plutonia tun fage na farko ake gamuwa da shi. A wasu wurare an ɓoye shi bayan wani Chaingunner, yana ta da shi duk lokacin da aka kashe shi, har sai ɗan wasa ya gane cewa ɓarnar harsashi yake yi.

Fage na 11, Hunted, shi ne mafi tsabta wajen nazari. Kalma ɗaya ce a cikinsa: Arch-vile. Ana nuna wa ɗan wasa su tun farko, sa'annan a sake su cikin ruɗaɗɗun lunguna masu ƙofofin da ke buɗewa da kansu. Tun da Arch-vile ba ya ta da ɗan'uwansa, kuma babu wata gawa, an cire masa ɗaya daga cikin ayyukansa biyu, ya rage sai maganar ganin ido. Kowace kwana garkuwa ce, kuma kowace kwana tana iya ɓoye mafarauci. Tsoron da fagen yake haifarwa daga gini yake fitowa, kuma ɗan wasan da ya mutu ya san dalili: ya tsaya a miƙaƙƙen lungu.

Inda muke ganin rauni shi ne wasu tarkuna, inda daɓe yake nutsewa da mutum cikin da'irar Chaingunner ba tare da wata alama ba. Wannan wahalar sani ce ta ƙaramin daraja: karo na farko ba makawa a mutu, karo na biyu ba sauran abin ganewa, sai tunawa. Tarkon da muka yarda da shi shi ne wanda yake barin alama, kamar mabuɗi a tsakar ɗaki wofi mai yawan ƙofofi, wanda duk mai hankali zai tsargu da shi.

Fage na 32, Go 2 It, ya saɓa wa sauran. An faɗaɗa taswirar fage na farko na Doom II, aka zuba dodanni kimanin 200, ciki har da Cyberdemon fiye da 10, tare da harsasai masu yawa. Daga wannan fage guda wani reshe sukutum ya tsiro, na faɗa da ɗaruruwa.

3.3. Hell Revealed: inda wahala ta gauraya da tsawaitawa

Yonatan Donner da Haggay Niv, ƴan ƙasar Isra'ila, suka ɗauki wannan reshe a 1997. Tasirin aikinsu ba abin musu ba ne, domin shi ya koya wa magina cewa ana iya sa ɗan wasa ya bi da taro kamar makiyayi, yana zagaye shi, yana haɗa shi faɗa. A fagagen ƙarshe, kamar na 24 inda ake tafiya bisa siraran hanyoyi sama da daɓe mai ƙuna ana shan hari daga kowace kusurwa, yawa da gini sun haɗu sun ba da wahala ta gaske.

Sai dai a wurare da dama na kundin abin da ke (4b) ne ya yi rinjaye. Ana jera Baron da Hell Knight a bakin ƙofa, a ba ɗan wasa bindiga mai baki biyu. Dabarar ba ta da wuya: a leƙa, a harba, a koma. Baron 10 maki dubu 10 ke nan na maimaita motsi guda. Wanda ya mutu a nan gajiya ce ta kashe shi, bai kuma koyi komi ba. Sunan Hell Revealed a matsayin «mai wuya» ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata mai sharhi ya raba, kuma ƙidaya ba ta iya raba su, tun da ita tsawaitawa take aunawa.

3.4. Scythe: koyarwa daki-daki

Erik Alm na ƙasar Suwidin ya bi wata hanya a 2003. Fagagen farko na Scythe ana gama su cikin ƴan mintoci, kowane da ra'ayi guda, wuya tana hawa sannu a hankali kamar darussan littafin koyon harshe. A ƙarshen fage na 10 da na 20 an shirya mafita yadda dole ɗan wasa ya mutu, don ya shiga kashi na gaba da ƙaramar bindiga kawai. Wannan dabara ta warware wata matsala ta wahalar guzuri: magini ba ya iya lissafin harsasai daidai idan bai san abin da baƙonsa ya shigo da shi daga baya ba.

Fage na 28, Run From It, kishiyar Nuts ne. Abin da ke kashe mutum a ciki ba ya cikin jerin dodanni: lokaci ne, wanda idan ya cika kafin a kai mafita an mutu. Sharhin ƙidaya zai sa shi cikin masu sauƙi, alhali wahalar hannu ce zalla.

3.5. Sunlust: kacici-kacici

Sunlust na magina biyu masu laƙabin Ribbiks da Dannebubinga ya fito a 2015, ya kuma sami kyautar Cacowards ta shekarar. A nan kusan kowane faɗa ɗaki ne rufaffe mai amsa: wane za a fara kashewa, ina za a tsaya, wane za a bari da rai don ya yi wa mutum aiki. A fage na 29 akwai zagayayyen wuri inda Arch-vile suke hangen ɗan wasa, garkuwar da zai ɓuya bayanta kuma ba ta tsaye wuri ɗaya, dole ya bi ta. Darasin Hunted ne aka mayar da shi motsi. Ana mutuwa sau da yawa a Sunlust, amma kowace mutuwa tana rage yawan amsoshin da suka saura, kamar yadda mai amsa kacici-kacici yake matsowa da kowane kuskure. Wannan ita ce wahalar sani mai babbar daraja, kuma a ganinmu ita ta sa wannan aiki ya fi Hell Revealed, duk da cewa ya fi shi kisa.

4. Matakan wahala a matsayin fassara

Wasan yana ba da matakan wahala biyar, amma lamba ta biyar da muka ambata a 1.1 gurbi uku kawai ta tanada: matakai na 1 da 2 tare, na 3 shi kaɗai, na 4 da 5 tare. Sauran bambanci injin ke yin sa: a mataki na 1 ana raba ɓarnar da ke samun ɗan wasa biyu a ninka harsasai, a na 5 dodanni suna ƙara sauri, kuma suna tashi bayan an kashe su. Muhimmin abu shi ne, a asalin tsarin waɗannan sharuɗɗa kaya kawai suka shafa. Bango da ginshiƙi da layin tarko suna nan yadda suke a kowane mataki. Ma'ana, an ba magini damar sauya kalmomi, an hana shi sauya ginin jumla, sa'annan aka ce ya faɗi magana ɗaya a harshe uku.

Maginin da ya yi imani da ƙidaya yakan yi fassarar kalma da kalma: ya cire kashi ɗaya cikin uku na dodanni, shi ke nan. Wani lokaci sakamakon yakan zo a juye. Sojoji suna barin harsasai ko bindiga idan sun faɗi, don haka cire su rage guzuri ne. A fage na 8 na Doom II akwai ɗakin da aka haɗa Cyberdemon da garken Baron don su cinye juna. A irin wannan ɗaki, wanda ya cire Cyberdemon da nufin sauƙaƙawa ya ƙwace wa ɗan wasa babban makaminsa. Fassarar ma'ana kuwa tana duban aikin kowane kaya: a ba da makami da wuri, a ƙara magani inda ake yawan kuskure, a bar Arch-vile ɗaya inda akwai uku don tambayar ɗakin ta tsaya amma a sami sararin tunani. Har mabuɗi da wurin saukar dodo ana iya matsar da su, tun da su ma kaya ne. Maginan Sunlust sun yi wannan aiki, kuma a takardar da ta raka kundin sun shawarci yawancin ƴan wasa da su fara daga ƙananan matakai.

5. Wa ake yi wa magana?

Eco (1979) ya nuna cewa kowane matani yana ƙaddara irin mai karatunsa (lecteur modèle). Mai karatun Doom na 1993 bai taɓa ganin irin wannan wasa ba. Na Plutonia ya gama Doom II. Na Sunlust ya san cewa fashewar roka ba ta cutar da Cyberdemon sai rokar ta same shi kai tsaye, ya kuma san yadda ake amfani da babban makamin BFG daga kusa. Ba a rubuta wannan sani a cikin fage ba; an ɗauka an san shi, kamar yadda masu zaurance suke magana a gaban jama'a ba tare da jama'a sun fahimta ba.

Yadda wannan sani ya yaɗu abin nazari ne shi ma. Injin yana tafiya da bugu 35 a daƙiƙa, kuma abin da yake kama da sa'a a cikinsa daga wani tsayayyen jerin lambobi 256 yake fitowa. Saboda haka ana iya adana wasa sukutum ta hanyar rubuta motsin hannun ɗan wasa kawai, injin ya sake shi daidai. Tun 1994 gasar Compet-N ta fara tara irin waɗannan rubuce-rubuce. Idan kundin WAD harshe ne (langue), waɗannan su ne magana (parole): suna nuna yadda gwanaye suka karanta fage, har da karatun da magini bai yi tsammani ba. Magina sun kalle su, suka toshe kafofin, suka gina wa gwanaye, gwanaye suka ƙara gwaninta.

Illar wannan zagaye ita ce an wayi gari mataki na 4, Ultra-Violence, ya zama tamkar daidaitaccen kari, sauran kuma abin kunya. Mai sharhin da ya shiga Sunlust a wannan mataki ba tare da shiri ba, ya ce aikin zalunci ne, bai karanta matanin da aka rubuta masa ba. Haka kuma maginin da ya bar ƙananan matakai babu gyara ya rufe ƙofa ga sababbin masu magana, kuma harshen da ba ya karɓar sababbi mun san makomarsa.

6. Kammalawa

Gwajin musanya ya nuna cewa makin rai da yawan dodanni suna auna tsawon fage ne, wahalarsa kuwa tana cikin dangantakar kaya da gini da kuma jerin aukuwarsu. Bisa wannan ne muka fifita Plutonia da Scythe da Sunlust a kan Hell Revealed, muka kuma ɗauki Nuts a matsayin hujja. Muna ba da shawarar duk mai bayanin wani fage ya amsa tambayoyi huɗu kafin ya kawo lissafi: wace iri ce wahalar, ta hannu, ta guzuri ko ta sani, nawa ne daga cikin makin dodanni tsawaitawa ce kawai, shin wanda ya mutu yana iya faɗin abin da ya kashe shi, kuma ƙananan matakai fassarar ma'ana ce ko ta kalma da kalma. Aikin da zai biyo bayan wannan shi ne a ɗauki fage guda, kamar Hunted, a kwatanta rubutattun wasannin gwanaye da na sababbin shiga, don a ga a wace kwana karatunsu yake rabuwa.